Shekarar da Aka Rufe Littattafanmu a Sito

Ku da aka turo ku koyi aikin laburare, na ji abin da ɗayarku ta faɗa jiya a bakin ƙofa, wai aikin nan ai hutu ne, zama ƙarƙashin fanka da buga hatimi. Ban ji haushi ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo shi. Amma tunda yau babu wuta kuma kwamfutar taku ta mutu, ku jawo benci in gaya muku yadda na same shi.

Aikin farko da aka ba ni shi ne jiƙa ƙaro. A farkon shekarun tamanin ne, na gama makarantar horon malamai aka tura ni wata sakandaren kwana ta 'yan mata a bayan garin Haɗeja, daidai inda gidaje ke ƙarewa fadama ta fara. Mai kula da laburaren wani dattijo ne mutumin Filato, Baba Istifanus, dogo, mai tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na shigo da sabon mayafi ina jiran a nuna min tebur. Sai ya miƙo min ƙwarya cike da ƙaro, ya ce, "Binta 'yata, ki tsince ƙasa da ɓawo, ki jiƙa, gobe ki tace da ƙyalle." Da ruwan ƙaron nan muke liƙe duk littafin da ya yage. Idan ya yi kauri takarda ta ƙage ta karye, idan ya yi ruwa ta kumbura. Sai da na ɓata ƙwarya da yawa kafin yatsuna su gane daidai ɗinsa.

Bayan ƙaro sai ɗinki. Littafin makarantar kwana yana shan wahala, a karanta shi a aji, a karanta shi a gado, a sa shi matashi. Idan bango ya rabu da shi, za ki kwance shi ƙulli-ƙulli, ki huda da basilla, ki ɗinke da zaren da aka goga wa kakin zuma, ki liƙa masa ƙyallen akoko a gadon baya, sannan ki danne. Ba mu da injin dannewa. Wani tsohon dutsen niƙa ne Baba ya samo daga ɗakin girki, shi muke ɗorawa a kan katako, littafin ya kwana a ƙarƙashi. Da safe ki ɗaga dutse ki tarar da shi a miƙe, yana ƙanshin zuma.

Maƙiyanmu biyu ne, gara da laima. Kowace ƙafar kantar littattafai tana tsaye cikin gwangwanin madara mai baƙin mai, kuma a bayan kowane jeri muna zuba busasshen ganyen darbejiya. Da damina sai hantsi ya ɗaga muke buɗe tagogi, mu rufe kafin la'asar. Baba yakan bi kantoci yana sunsuna, ya tsaya ya ce, "Nan akwai wanda ya fara jiƙa," kuma in an zaro za a same shi.

Tagoginmu na gabas fadama suke kallo. Idan kogi ya cika ya bazu, ruwa yakan zo har kusa da katangar makaranta, sai hasken rana ya daki ruwan ya shigo ya riƙa rawa a silin. Yara suna karatu, hasken yana yawo a kan kallabinsu da kan takarda. Can nesa balbelu sun jeru a kan goriba, mai kwale-kwale yana ratsa gonar shinkafa kamar a kan ciyawa yake tafiya. Idan kaka ta yi, tsuntsayen da ke zuwa dausayin Baturiya daga ƙasashe masu nisa sukan bi ta samanmu. A irin wannan lokaci ɗakin kan yi tsit, har ki ji juyin shafi daga ƙarshen ɗaki. Wata yarinyar takan ɗago kai ta zuba wa ruwan ido ta manta da littafin, kuma Baba ya hana ni taɓa irinsu. Ya ce wannan ma karatu take yi.

Masu zuwa mana iri-iri ne. Akwai mai zuwa barci, akwai mai gudun aikin shara, akwai malamin da in ya ari littafi sai kin bi shi har gida. Akwai kuma yarinyar da za ta yi ta zagaya kanta guda ba ta taɓa komai, tana jin nauyin tambaya. Ita ce ainihin aikinki. Baba ya koya min abu biyu a kan haka. Na farko, kada ki taɓa tambayar yarinya dalilin da ya sa take son littafi. Na biyu, kada ki yabi littafi ko ki kushe shi sai kin karanta shi da idonki har bangon baya. Shi ya sa duk littafin da ya shigo, Hausa ko Turanci, sai ya kwana a gidana kafin ya hau kanta.

Cikin masu zagayen nan akwai Falmata. Daga wani ƙauye take a hayin kogi, gaba da Auyo, kuma asalin gidansu mutanen bakin Tafkin Cadi ne. Siririya ce, ba ta da magana, Hausarta da ɗan karin Barebari. Tana aji ɗaya littafin tsuntsaye kawai take ɗauka, ta nuna min hoto ta faɗi sunansa da yarensu. Da ta girma sai ta koma kantar kimiyya. Akwai wani babban littafin kiwon lafiya mai koren bango, wanda ni da kaina na ɗinke shi sau biyu. A tsakiyarsa akwai babin ciki da haihuwa, da zanen yadda jariri ke kwanciya a mahaifa wata bayan wata. Falmata ta fi kowa aronsa. Ban tambaye ta dalili ba. Ita ce wata rana, tana mayar da shi, ta ce min, "Malama, makarantar ungozoma nake so in tafi."

Kafin nan Baba Istifanus ya yi ritaya ya koma duwatsunsu. Ya bar min mabuɗai da basillarsa, ya ce dutsen niƙan kuma ba zai iya ɗauka ba, in riƙe.

Shekarar da nake son ba ku labari ta zo ne jim kaɗan bayan an ba mu jihar Jigawa. A lokacin ƙananan littattafan labarin soyayya sun cika kasuwa daga Kano, yara suna saye suna ɓoyewa a akwati. Wasu masu kyau ne, wasu kuwa ni ma ba zan ba 'yata ba. Iyaye suka tsorata, kuma ban ga laifinsu ba. A taron iyaye da malamai wani malami mai farin rawani ya miƙe, ya ce ya kawo 'yarsa ta koyi ilimi, ba ta koyi rubuta wasiƙar samari ba, kuma ya ji an ce a cikin makarantar akwai ɗaki guda cike da irin waɗannan littattafai, har da masu hoton tsiraici. Shi ne Goni Bukar, mahaifin Falmata. Yana zama sai wani ma'aikacin gwamnati ɗan kudancin Kaduna, Mista Yakubu, ya tashi ya ce shi ma 'yarsa ta zo hutu da littafin mayu da aljanu har ta kasa barci. Masallaci da coci suka haɗu a kan magana guda, aka tafa. Ba a jima ba takarda ta zo daga sama, a tsabtace laburare.

Aikin cirewar malamai uku aka ɗora wa, kuma aka ba su yini guda. Ba mugaye ba ne, lokaci ne ba su da shi. Sai su duba bango, su buɗe tsakiya, in sun ga hoton mace ko kalmar so, su jefa a kwali. Littattafan labari suka tafi kusan duka, har da tatsuniyoyi. Littattafan kimiyya masu zanen jikin mutum suka bi su. Na je wurin shugabar makaranta, wata hajiya mai haƙuri da muka daɗe tare, na ce, "Hajiya, a ba ni lokaci in zauna da su mu karanta ɗaya bayan ɗaya. Yaran aji shida suna da jarrabawa a kan waɗannan zanen."

Ta ce, "Malama Binta, na sani. Amma daga sama aka turo, iyaye kuma suna kallona. Cewa ma aka yi a ƙona."

Na ce, "To, kada a ƙona. A rufe a sito, mabuɗi ya zauna a hannunki."

Ta ce ta yarda da wannan. Iyakar abin da na samu ke nan a ranar. Siton kuwa ɗaki ne marar taga a bayan ɗakin girki, ƙasansa ba siminti, ga damina ta kankama. Na roƙi a bar ni in ɗora kwalayen a kan bulo, aka bar ni. Aka kuma yi shela a taron safe cewa duk yarinyar da ke riƙe da littafin da aka hana ta dawo da shi, wadda aka kama da shi bayan haka kora ce.

Share kantar da babu komai a kanta aiki ne da ban taɓa koya ba. Kullum da safe nakan goge su, in sauya ganyen darbejiya, duk da babu abin da ganyen zai tsare. Yara suna shigowa su tsaya gaban inda littafinsu yake a da, su shafa katakon su fita. Daga baya sai na lura da yamma sukan taru a kusurwar taga, wadda ta taɓa karanta wani labari tana ba sauran da baki, ƙasa-ƙasa. Inda ta manta wata ta cike mata, inda duka suka manta su ƙirƙira. Dokar laburare ita ce shiru, amma na riƙa samun aikin ɗinki a can ɗaya ƙarshen ɗakin.

Ana haka metiron, mai kula da ɗakunan kwana, ta ɗaga katifar Falmata ta samu koren littafin nan. Tun kafin doka ta are shi, aka yi shela ba ta dawo da shi ba. A shekarun can jarrabawar fita a ƙarshen shekara ake yi, kuma ta matso. Idan aka kore ta, ba jarrabawa, ba makarantar ungozoma.

Na nemi a bar ni in shiga zaman kwamitin ladabtarwa, aka bar ni. Falmata tana tsugune a ƙasa, an tambaye ta me ya sa, ta ce kawai, "Ban gama ba." Na ce musu yarinya ta saɓa doka, ban musa ba. Amma littafin nan na karatu ne, gwamnati ce ta aiko mana da shi, kuma na karanta shi daga farko har ƙarshe ban ga abin kunya ba. Wani malami ya ce in an ɗaga wa ɗaya ƙafa, gobe kowace katifa da littafi a ƙarƙashinta. Shi ma yana da gaskiyarsa. A ƙarshe shugaba ta ce, "Dokar nan iyaye suka nema, kuma mahaifinta ne ya fara tashi. In shi da kansa ya zo ya ce a sassauta, ina da abin da zan gaya wa na sama. In bai zo ba, sai dai ta tafi." Aka aika masa. Amsa ta dawo cewa in ruwa ya ja zai zo ya ɗauki 'yarsa, tunda ta zaɓi ta kunyata shi.

Ranar Asabar na roƙi shugaba ta ba ni littafin, na naɗe shi a leda, na sa shi a jaka, maigidana ya goya ni a babur har Auyo. Daga nan hanya ta nutse. Ya zauna wurin wani abokinsa, ni kuma na shiga kwale-kwale tare da wasu mata masu dawowa daga niƙa.

Ban taɓa shiga fadamar da na yi shekaru ina kallo ta taga ba sai ranar. Ruwan bai da zurfi, kuma bai motsi. Mai jirgi yana tura gora, muna ratsa shinkafar da kanta kawai ya fito, tana shafar gefen jirgin da wata 'yar ƙara kamar ana shara a nesa. Furen bado ya rufe wasu wuraren fari fat, sai mun wuce ya sake haɗewa a bayanmu. Bishiyoyi suna tsaye cikin ruwa har ƙugu, kowace da 'yar'uwarta a kife a ƙarƙashinta. Wani wuri muka bi ta kan hanyar mota, mai jirgi ya nuna min da baki, ban ga komai ba sai gajimare a ƙasa. Matan suka yi ta hira har suka gaji suka yi shiru, wata ta yi gyangyaɗi a kan buhunta. Na rungume jakar a ƙirji saboda ruwan da ke tsatsowa ta ƙasan jirgi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai dai na ga rufin ɗakuna a kan wani tudu, da hayaƙin bandar kifi yana tashi a miƙe.

Na sami Goni Bukar a zaure yana duba wani littafin Larabci. Abin da na fara gani shi ne gafakokinsa na fata da yake ajiye littattafai a ciki, ba a ƙasa suke ba, a rataye suke daga azara da igiya. Bayan mun gaisa na ce, "Allah gafarta Malam, saboda gara ne?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Gara da laima. Na kakana ne, daga bakin tafki aka taho da su." Ya ce yana sauke su lokaci-lokaci ya shanya a inuwa. Na gaya masa yadda muke yi da gwangwani da baƙin mai. Muka ɗan jima a kan wannan, kamar ba wata magana ce ta kawo ni ba.

Sannan ya ce, "Malama, na san abin da ya kawo ki. Ni na ce a cire, kuma ban sauya ba. Yarinyar nan ta ji doka ta take."

Na ce, "Haka ne, Malam, ta take. Ban zo in wanke ta ba. Na zo ne da littafin, don a yanke mata hukunci a kan abin da aka gani, ba abin da aka ji ba."

Na fito da shi daga leda. Ya kawar da kai, ya ce shi ba zai dubi zanen jikin mace ba, ko na ilimi ne. Na ɗauka tafiyata ta ƙare a nan. Sai ya ce, "Ki shiga da shi ciki. Mahaifiyata tana nan, ita ce ungozomar garin nan. Ta duba. Abin da ta ce, shi ne."

Sunanta Kaka Kellu. Tsohuwa ce ƙarama, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, hannuwanta manya kamar ba nata ba. Idonta ya fara rauni, don haka muka jawo tabarma tsakar gida inda rana take. Na buɗe mata babin. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takarda. Can ta sa yatsa a kan jaririn da ke dunƙule, ta bi bayansa a hankali har zuwa kai.

Ta ce, "Wa ya shiga ya gano?"

Na ce, "Likitoci ne, Kaka, suka zana."

Ta ce, "Haka yake. Wallahi haka yake. Hannuna ya san wannan tun ina da ƙuruciya, idona ne bai taɓa gani ba. Juya."

Na juya. Ta ga wanda ya zo da ƙafa, ta yi dariya ta ce ta sha fama da irinsa, masu taurin kai ne har su girma. Ta ga tagwaye, ta kira matan gidan su zo su gani. Suka kewaye mu, wata da muciya a hannu. Sai muka zo wani shafi inda mabiyiya ta sauko ƙasa ta tare wa jariri hanya. Kaka ta tsayar da hannuna. Ta ce in karanta mata rubutun da ke ƙasa. Na karanta ina mayarwa da Hausa. Ya ce alamar wannan ita ce mace ta ga jini a watannin ƙarshe ba tare da ciwo ba, kuma in an ga haka kada a jira naƙuda, a kai ta asibiti tun tana da ƙarfinta.

Gefen shafin nan ya yi laushi ya yi duhu saboda yawan taɓawa. Ni na ɗinke littafin, na san ba haka yake ba a da.

Kaka ta ce, "Sake karantawa." Na sake. Matan suka koma bakin murhu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Uwar Falmata ta ga wannan jinin. Ta nuna min. Na ce mata tunda ba ciwo, ba komai. Ranar haihuwa ruwa ya cika kamar yau, jirgi bai kai Auyo da ita ba, a cikinsa ta rasu." Ta shafa shafin da tafin hannu kamar tana lallashin yaro. "Yarinyar tana da wayo a lokacin. Tana tsaye a bakin ruwa."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ɗauki littafin da kanta, ta nufi zaure. Ina jiyo muryarta daga tsakar gida, da Barbarci take magana, ban fahimci ko kalma ba. Ba faɗa take yi ba. Ta yi magana mai tsawo. Muryar Goni ban ji ta ba sam. Da aka kira ni na tarar littafin yana rufe a kan buzunsa, hannunsa a kan bangon. Ya ce, "Malama, rana tana yi, kada jirgi ya bar ki. Ki gaya wa shugabarku ina tafe ranar Litinin."

Ya zo da littafin, gefen rigarsa jiƙe da ruwa. A ofishin shugaba ya ce maganarsa a kan littattafan soyayya tana nan, bai janye ba. Amma wannan na ilimi ne, littattafan fiƙihu ma ba su ɓoye maganar haila da biƙi ba, shi ne ya yi magana a kan abin da bai bincika ba. Ya ce a hukunta yarinya saboda ɓoyewa, amma kada a kore ta. Shugaba ta yi ajiyar zuciya, ta ce hukuncinta sharar laburare har ƙarshen zango. Da aka shigo da Falmata ta durƙusa, ya dube ta ya ce, "Ki gama littafin." Iyakar abin da ya ce mata ke nan a gabanmu.

Kada ku ɗauka komai ya dawo. Littattafan kimiyya aka fito da su, aka sa su a kabad a bayan teburina, na manyan aji kawai. Na labari suka ci gaba da zama a sito har shekara ta zagayo. Ranar da aka buɗe, kwalayen sama lafiya, na ƙasa kuwa gara ta hau bulo ta shige su. Ki ɗaga bango ki tarar da ƙasa. Akwai littattafan da ban sake ganin irinsu ba har yau. Abin da ya tsira na yi rani guda ina ɗinkewa. Amma na samu abu ɗaya daga ƙungiyar iyaye, kuma Goni da Mista Yakubu ne suka goya min baya: duk littafin da aka yi ƙorafi a kansa, sai uba ko uwa ɗaya, da malami ɗaya, da ni, mun karanta shi kafin a taɓa shi. Wasu mun cire, kuma da yardata. Mafi yawa sun zauna. Wannan zaman karatun shi ne aiki mafi wuya a sana'ar nan, don za ki zauna da mutumin da ya zo a fusace, ki ba shi ruwa, ki buɗe shafin farko, ki jira.

Falmata ta ci jarrabawa, ta yi makarantar ungozoma, ta yi aiki shekaru a ƙananan asibitocin wajen Kirikasamma. Amma tun kafin ta bar makaranta wani abu ya faru, a makon da suke gama jarrabawa.

Ranar kasuwar Haɗeja ce, bayan azahar. Ina liƙa bango sai maigadi ya leƙo ya ce ina da baƙi, ya rasa yadda zai hana su. Tsofaffi uku ne, sun tuɓe takalma tun daga baranda. Kaka Kellu ce a gaba, da ƙullin bandar kifi a hannu, ta ajiye min a kan tebur. Abinci ba ya shiga laburare, amma na karɓa na yi godiya. Ta ce waɗannan ungozomomin ƙauyukan da ke kusa da su ne, ta ba su labari sun ce ƙarya take yi, ba mai iya zana cikin mace. Shi ne ta kawo su.

Suka ƙi zama a kujera, na shimfiɗa musu tabarma tsakanin kantoci. Na aika aka kira Falmata, na buɗe kabad na miƙa mata koren littafin. Ta zauna a tsakiyarsu tana karantawa tana mayarwa da Barbarci, su kuma suna musu da juna, wannan ta nuna da yatsa, waccan ta kwatanta da hannu a kan cikinta. Yaran da ke karatu suka bar kujerunsu suka matso. Aka kaɗa ƙararrawar cin abinci, ba wadda ta tashi.

La'asar ta yi, maigadi ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Iya, direban motar Auyo ya aiko, wai in ba ku fito yanzu ba zai tafi."

Kaka Kellu ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ya tafi, ɗana, muna da 'yan'uwa a gari." Ta taɓa gwiwar jikarta. "Juya mana na gaba."